Jini Ba Miyar Yakuwa Ba Ne

Hausawa kan ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Magana ce da aka ɗauko daga bakin murhu, kuma gaskiya ce tsagwaronta. Duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san cewa ɗan ruwan kanwa kaɗan ya isa ya karya tsaminta, ta kuma ga yadda tukunya ke tasowa da kumfa a daidai lokacin da abubuwan biyu suka haɗu. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan ilimi tun kafin a buɗe ɗakin gwaje-gwaje ko ɗaya a ƙasar nan. Abin da ba su taɓa cewa ba shi ne jinin ɗan Adam ma tukunyar miya ce, wadda za a tsaya a kanta da ludayi ana ɗanɗanawa ana ƙara kanwa. Wannan iƙirarin baƙo ne, daga Amurka ya taso, ya iso mana ta wayoyin hannu da bakin 'yan talla, sanye da rigar kimiyya. Sunansa tsarin abincin alkalin, kuma na ɗauki alƙalami ne domin in ce ƙarya ne tun daga tushensa, ƙaryar da ke cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Ga abin da masu wannan da'awa ke faɗa. Wai jikin mutumin zamani ya cika da asid saboda cin nama da ƙwai da madara da hatsi da sukari. Wai wannan tsamin shi ne uwar cututtuka, tun daga kasala da ciwon gaɓoɓi har zuwa ciwon suga da ciwon daji. Wai kuma idan mutum ya koma ga ganyaye da lemon tsami da wani ruwa na musamman, jininsa zai koma alkalin, cuta ta rasa wurin zama. Ban fara jin wannan a aji ba. A ɗakin gwaggona na ji shi, shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a. Ta ji wani ƙullutu a mamanta, likita ya ce a yanki ɗan nama a auna, sai wata maƙwabciya ta haɗa ta da wani mai sayar da ruwan roba da garin ganye. Ya ba ta 'yan takardun gwajin fitsari masu sauya launi, ya ce ta bar asibiti tukuna har takardar ta koma shuɗiya. Da na yi mata magana sai ta ce, “Kai ɗan nan, shi ma fa da turanci yake bayaninsa, har da lambobi.” Wata bakwai ta yi tana kallon launin takarda.

To, bari mu bi lambobin nasa, tunda da su ya ci kasuwa. Ma'aunin da ake kira pH wani masanin sinadarai ne ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, ya fito da shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14: abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, wato asid, abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa da ruwan toka, wato alkalin. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Ka lura, ya kai mai karatu, da abubuwa biyu a nan. Na farko, jininka ya riga ya karkata ga alkalin tun ranar da aka haife ka, ba tare da ka sayi komai ba. Na biyu, dubi ƙanƙantar tazarar. Jiki ba ya sakaci da wannan iyaka, domin sinadaran da ke tafiyar da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa ba sa aiki sai a cikinta. Idan awon ya faɗi ƙasa da 6.8 ko ya haura 7.8, da wuya mutum ya daɗe da rai. Da a ce malmalar tuwo ko tsinken tsire na iya gusar da wannan awo, da babu wanda zai tashi daga walimar biki da ƙafafunsa.

Masu tsaron wannan iyaka suna aiki dare da rana ba tare da an biya su ba. A cikin jinin kansa akwai sinadarin baikabonet, wanda ke tare duk wani asid da ya shigo nan take. Sai huhu: kowane numfashi da ka fitar yana ɗauke da iskar kabon, wadda idan ta taru a jini takan zama asid, kuma baligi kan fitar da kusan kilo guda na wannan iska a kowace rana. Idan tsami ya ɗan ƙaru, ƙwaƙwalwa kan sa numfashi ya ƙara sauri da zurfi cikin 'yan mintoci. Sannan ƙoda, wadda aikinta ya fi jinkiri amma ya fi tabbata: tana zubar da rarar asid cikin fitsari, tana mayar da baikabonet cikin jini. Wanda ke marmarin ya ji yadda ƙarin alkalin yake a jini ba ya bukatar sayen komai. Mutumin da firgici ya sa shi haki da sauri ya san shi, domin jiri ne da jin yatsu da leɓɓa suna tsira-tsira. Babu wanda ya taɓa kiran wannan hali ƙoshin lafiya.

Shi kuwa ruwan roba mai tsada, ina yake sauka? A tumbi yake sauka, inda ruwan narkar da abinci ke tsakanin 1.5 da 3.5 a ma'aunin, tsamin da ke narkar da nama yana kashe ƙwayoyin cuta. Kofin ruwan alkalin a nan bai wuce ɗigon kanwa a randar tsamiya ba. Idan abincin ya gangara hanji, sai gaɓar da likitoci ke kira fankiriyas ta zubo masa nata baikabonet ɗin ta karya tsamin. Wato ko zogale ka ci ko kilishi, hanya ɗaya za su bi: a tsamama su a sama, a karya tsamin a ƙasa.

Saura takardar fitsari, wadda ita ce babbar hujjar 'yan talla, kuma a nan ne wayonsu yake. Gaskiya ne launinta na sauyawa da abin da aka ci. Fitsari na iya kaiwa daga 4.5 zuwa 8, ya danganta da abinci da lokaci. Amma fitsari shara ce da aka fitar, kuma sauyawarsa shaida ce cewa ƙoda ta yi aikinta, ta kwashe abin da ya yi yawa domin jini ya tsaya inda yake. Wanda ke auna fitsari don ya san halin jini kamar mai leƙa juji ne don ya san ko tsakar gida na da tsabta: yawan sharar da ya gani a waje alama ce ta cewa an yi shara. Gwaggona ta ga takardarta ta koma shuɗiya a mako na biyu. Ƙullutun bai san da wannan labari ba.

Akwai kuma abin dariya a cikin jadawalin nasu. Lemon tsami, wanda sunansa ma ya tona asirinsa, wanda awonsa ke wajen 2 zuwa 3, shi ne sarkin abincin alkalin a wurinsu. Dalili kuwa shi ne an gaji rabon ne daga wani tsohon aiki na farkon ƙarni na 20, lokacin da masana ke ƙona abinci ƙurmus su auna tokar da ta rage. Tokar nama da hatsi ta karkata ga asid, tokar ganye da 'ya'yan itace ta karkata ga alkalin. Wannan na taimakawa wajen hasashen yadda fitsari zai kasance, iyakarsa ke nan. Mai shan ruwan lemon tsami safe da yamma bai taɓa jininsa ba. Abin da ya taɓa shi ne haƙoransa, waɗanda tsami ke zaizaye rufinsu a hankali.

Idan an matsa musu, sai su jawo sunan Otto Warburg, Bajamushen da ya sami kyautar Nobel a 1931, su ce ai shi ya tabbatar da cewa daji ba ya rayuwa sai cikin asid. Kyautar tasa a kan sinadarin numfashin ƙwayoyin halitta aka ba shi. Abin da ya lura da shi game da daji kuwa shi ne ƙwayoyinsa na zuƙar sukari da haɗama suna fitar da asid, har kewayensu ya yi tsami. Wato dajin ne ke haifar da tsamin da ke zagaye da shi. 'Yan talla sun kama maganar ta wutsiya, sun mayar da hayaƙi shi ne ya haddasa gobara. A 2016 wasu masu bincike biyu a Kanada, Tanis Fenton da Tian Huang, sun tace dubban rubuce-rubucen kimiyya suna neman hujjar cewa abinci ko ruwan alkalin na hana daji ko warkar da shi. Ba su samu ba.

Mutumin da ya fi kowa yayata wannan tsari shi ne Robert O. Young, marubucin The pH Miracle na 2002. Ba likita ba ne. A wani gidan gona kusa da San Diyego a jihar Kalifoniya ya riƙa karɓar masu ciwon daji yana yi musu ƙarin ruwa da bekin soda ta jijiya, a kan dubban daloli. Cikin waɗanda suka je akwai wata matashiyar hafsar sojan Birtaniya mai sankarar mama, wadda ta rasu a 2012 tana da shekara 27. A 2016 kotu ta same shi da laifin yin aikin likita ba tare da lasisi ba, aka ɗaure shi a shekarar da ta biyo. A 2018 kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka umarce shi ya biya wata mata dala miliyan 105, bayan da dajinta ya bazu a lokacin da take bin shawararsa. A can inda abin ya fito an kai shi gaban shari'a. A nan kuwa har yanzu ana fassara maganganunsa ana turawa a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, ana haɗawa da addu'ar Allah ya saka wa wanda ya yaɗa.

Adalci ya wajaba, ko ga abokin gaba. Akwai halin da jini ke yin tsami da gaske: mai ciwon suga da cutar ta ƙwace masa, wanda ƙodarsa ta gaza, mai amai da gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani har yana jan numfashi mai zurfi. Amma waɗannan mutane ne da ake ɗauka ranga-ranga zuwa sashen gaggawa, kuma cutar ce ta jawo tsamin. Ruwan kokwamba ba ya ceton ko ɗaya daga cikinsu. Haka nan likita na iya ba mai ciwon ƙoda baikabonet, ko ya ba mai wani nau'in tsakuwar ƙoda maganin da zai rage tsamin fitsarinsa. Yana yin haka ne bayan awon jini, da ƙididdigar adadi, ga cuta sananniya. Sannan mu Hausawa muna da dalilin yin hattara fiye da kowa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun ba da rahoton yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma nuna yatsa ga yawan gishirin sodiyam da ke cikin kunun kanwa, haɗe da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, amma abu ɗaya bai sauya ba: kanwa da bekin soda cike suke da sodiyam, kuma mai hawan jini ko raunin zuciya da ke ɗirka su da sunan wanke jiki yana ƙara wa kansa kaya ne.

Za a ce mini, to ai tsarin yana sa mutane cin ganye da barin lemon kwalba, ina laifi? Cin ganye alheri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a kullum. Sai dai amfaninsu na zuwa ne daga harza da sinadaran gina jiki da ke cikinsu, kuma rama da zogale da alayyafo da kabewa da goba ba su taɓa bukatar wani ya yi musu ƙarya kafin su yi amfani ba. Laifin yana cikin ɗaya rabin jadawalin, inda aka jera ƙwai da kifi da nama da nono a sahun guba. A yankin da tamowa ke kwantar da yara a asibiti kowace damina, wanda ya tsorata uwa da ƙwai ya yi ɓarna, komai kyan niyyarsa. Laifi mafi girma kuma shi ne lokaci. Sankarar mama da aka kama da wuri tana da kyakkyawan fatan warkewa. Wadda aka ba wata bakwai tana yaɗuwa wani labari ne daban.

Ba na ganin wautar gwaggona. Asibiti na da tsada da dogon layi, na'urorin gashin daji a ƙasar nan ƙalilan ne, likita na da minti biyar, mai ruwan roba kuwa na da yini guda da murmushi da alkawarin cewa ba za a taɓa ta da wuƙa ba. Har lambar hukumar NAFDAC ya nuna mata a jikin roba, bai gaya mata cewa lambar ba shaidar warkar da daji ba ce. Waɗanda nake tuhuma su ne mu da muka zauna a ajin kimiyya, muka zana ma'aunin pH a takardar jarrabawa, sannan saƙon ya shigo zauren danginmu muka yi shiru don kada a ce mun raina manya, ko ma muka tura shi gaba saboda an rubuta shi da turanci mai santsi. Ni kaina sau ɗaya na yi mata magana, da ta ƙi sai na ja bakina na koma makaranta, ina ce wa raina ai na fita haƙƙi.

Da aka kai ta asibiti daga ƙarshe, ciwon ya riga ya kai hammata. An yi mata aiki, an cire maman gaba ɗaya, yanzu tana zagaye na huɗu na allurar daji, gashin kanta ya zube, ɗan filin da ta gada ya tafi a kuɗin magani. Ranar da na je kwashe kayan ɗakinta domin a yi shara kafin ta dawo, na tarar da robobin ruwan nan goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado, da kwalin takardun gwaji da saura uku a ciki. Mai sayarwar ya sauya lambar waya, amma an ce mini yana nan yana talla a wata unguwar.