Farfesun Akuya Na Kwanakin Ɗari

Ga hunturu ya kama, kuma kowa ya san ɗarin ƙasar Doguwa ba irin na birnin Kano ba ne. Wadda ta taɓa kwana a Riruwai a gindin duwatsun nan, ko ta ratsa dajin Falgore da asuba a watan Janairu, ba sai an ba ta labari ba. To, yau zancenmu a kan farfesun akuya ne, yadda ake yinsa, da kuma wanda ya fi cancanta a cika wa kwano.

Kada ku zaci mu kaɗai muka san wannan dabara. Can tsibirin Taiwan, kusa da ƙasar Sin, da zarar 7 ko 8 ga Nuwamba ta yi, ranar shigar sanyi a lissafinsu, sai ka ga an yi dafifi a gidajen sayar da romon akuya. Akwai wani gari wai shi Gangshan da ya yi suna a kan haka. Sukan dafa naman da fatarsa, da citta, da saiwoyin magani, da busasshiyar magaryar ƙasarsu ja. Su ɗora tukunyar bisa wuta a tsakiyar tebur, iyali su kewaye ta, ana ci ana jefa kabeji da awara a ciki. Giyar shinkafa da sukan zuba, wannan tasu ce, ba ruwanmu da ita. Amma zaman nan na kowa da kowa a bakin tukunya ɗaya, ku riƙe shi a zuci, za mu komo kansa.

Farko dai sai zaɓen nama. Jar akuyar nan tamu ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, namanta ma ba baya ba ne. In da hali a sayi na taure, don na bunsuru yana da ƙarni. A nemi haƙarƙari da wuya da ƙafa, gama daɗin romo a ƙashi yake. A saya wurin mahaucin da aka sani, yankan ranar. In an ga hanta da ƙuraje ko tsutsa, a bar masa abinsa, kome arharta.

Ga nama kilo 1, a tanadi albasa 2, tafarnuwa kamar ɗiya 5, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kanumfari 5 ko 6, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba 2, daddawa ƙwaya 1, da attarugu gwargwadon bakin mutanen gida. A daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari da daddawa a turmi. Kimba kuwa a ɗan fasa ta, a zubar da 'ya'yan, don su ke sa ɗaci. A wanke nama, a zuba a tukunya da albasa ɗaya da rabin dakakken yajin da gishiri kaɗan, a rufe ba ruwa, ya fitar da nasa. Sa'an nan a zuba ruwan zafi ya sha kansa, a janye itace, a bar shi yana dahuwa a hankali awa ɗaya da rabi ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa. In ya kusa nuna a sa sauran yajin da attarugu da ɗaya albasar, daga ƙarshe a watsa ganyen ɗoɗɗoya. Mai son ya ƙosar sai ta yanka dankali a ciki. In an zuba a kwano a matsa lemon tsami.

Na san waɗansunku za su ce, ina kanwa, ai ita ke sa nama laushi da wuri? A nan ne nake so ku kasa kunne, musamman in tukunyar ta mai jego ce. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura mata da yawa na zuwa da ciwon zuciya 'yan makonni bayan haihuwa. Da suka bi sawu, sai suka ga abin yana tafiya tare da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki kuwa sai a ƙara mata kaya. Saboda haka farfesun mai jego ba ya bukatar kanwa, gishiri da dunƙulen magi ma a rage. In kun ga ƙafarta ta kumbura, tana haki, ko tari ya hana ta kwanciya da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata yaji. A kai ta asibiti ran nan.

Yanzu mu komo ga rabo. A gidaje da yawa, in an sauke tukunya, tsoka ta tafi langar maigida da baƙinsa, mai jego da yara a ba su romo da ƙashi, a ce ai amfanin duk yana cikin romon. Ba haka ba ne. Romo yana ɗuma jiki, yana buɗe ciki, amma abin da ke gina jiki da mayar da jini yawancinsa yana cikin tsokar da hanta. Macen da ta zubar da jini wurin haihuwa, ga shi tana shayarwa, tana cikin waɗanda suka fi bukatarsa. Haka ma mai ciki, da 'yan matan da suka fara al'ada, da yaron da aka yaye. Maigida ba zai rasa nasa ba, kuma mai hankali in an yi masa bayani shi da kansa zai ce a ƙara mata. Kada kuma a bi naman da shayi nan take, don yakan rage abin da jiki zai samu na ƙarin jini. A jinkirta kamar awa guda.

Ku 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen manya ne. Ku karanta wa iyayenku da kakanninku waɗanda ba su iya boko ba, cikin ladabi, ban da gardama. Ranar da za a yi farfesu kuma ku tsaya kusa da murhu, ku karɓi dakan yajin, gama ba a koyon girki daga bakin ƙofa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake wanke tumbi da hanji har ƙarni ya fita. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka samu, amin.