Aku ya samu littafi, kaka ba ta samu ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san ɗakin da aka kai shi ranar da aka cire shi daga nono. Ɗakin kaka ne. In ɗan fari ne kuwa, uwarsa ko sunansa ba ta kamawa, kunya ba ta barin ta yi masa wasa a gaban mutane. Kaka kaɗai al'ada ta sakar wa mara ta so yaro a fili. Ta kira shi maigidanta, ta bi shi bashin kuɗin cefane yana ɗan shekara huɗu, shi kuma ya ce ya sake ta tunda haƙoranta sun zube. To ina ƙalubalantar marubutanmu su ɗaga mini littafin Hausa da aka gina shi kacokan a kan wannan ƙauna.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a bakin tsohuwar nan adabin ya fara. Ita ta koya mana Gizo da Ƙoƙi, ita ta tsorata mu da Dodo. Da aka tashi rubutawa sai aka kwashe kayan aka bar mai kayan a tsakar gida. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913. Malamai maza ne suka rubuta tatsuniyoyin da ajami, sunan Bature ne a bango. Su malaman a gindin wa suka ji tatsuniyar suna yara? Ba wanda ya damu ya tambaya. Aka zo kan Magana Jari Ce a 1937, kujerar mai ba ɗan sarki Musa labari sai aka ba aku. Ina girmama Alhaji Abubakar Imam, ba ni da bakin raina gwanintarsa, amma gaskiya ɗaya ce: tsuntsu ya gaji aikin kaka, kuma tsuntsun yara suka haddace a makaranta.

Littattafan kasuwar Kano da finafinanmu su ma sun ɗora daga nan. In ka ga kaka a cikinsu, ko dai masifaffiya ce mai goro a baki da aka kawo don a yi dariya, ko mai tilasta auren zumunci, ko mai safa da marwa gidan boka. Yaron da ta raina kuma "goyon kaka" ne, sangartacce, abin zolaya. Wallahi wannan butulci ne.

Kada wani ya ce mini zancen bai isa littafi ba. Maxim Gorky na Rasha ya rubuta ƙuruciyarsa a 1913, kuma kakarsa Akulina, mai ba shi tatsuniya a gidan da duka ya zama abincin yau da kullum, ita ce ginshiƙin littafin. Camara Laye na Gini, a littafinsa na 1953, ya ba kakarsa ta ƙauyen Tindican babban gurbi, har da wasan miji da mata irin namu sak. Mu kuwa tsohuwar da aka zauna aka saurara da kyau ita ce Baba ta Karo, kuma Baturiya ce, Mary Smith, ta yi zaman, aka buga da Turanci a Landan a 1954.

Ku zo wata Baturiyar, garin nan na ƙasar Haɗeja, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ku ga labarin da kuke tsallakewa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa da tafiya a kan ƙa'idar da manoma da masunta suka gada. Ciyawar kachala ta toshe magudanai. Inda ake shinkafa ya zama dausayin da ba ya shukuwa, wani wurin kuma ya bushe, sannan ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta zo ta share abin da ya rage. Magidanci ya tafi ci-rani. Aure ya mutu, uwa ta yi wani, sabon miji ba ya son agola. Yaron hannun wa zai koma? Hannun tsohuwar da ke saƙar kaba tana kyafa kifi don ta saya masa littafin rubutu. Ita ta san fadamar kafin madatsa. Ta san inda kwalekwale ke bi a da, ta san sunan kowane tafki da abin da ya sa aka raɗa masa shi. Jikan nan shi kaɗai ne ke zaune yana ji.

An sa dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008. Masana na zuwa da madubin hangen nesa suna ƙirga tsuntsayen da suka taso daga Turai, suna rubuta rahoto. Madalla, a ƙirga. Amma agwagwar ruwa tana da mai rubuta zuwanta da komawarta, tsohuwar da ta shekara saba'in a bakin ruwan nan ba ta da shi. Kuma a ƙasar nan ta Haɗeja mun riga mun ga ƙarshen irin wannan sakaci: harshen Auyokawa ya mutu ɗungurungum, ya tafi da tatsuniyoyinsa.

Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja, ba nisa. Ɗaliban Hausa nawa ne za su sake rubuta kundi a kan jigo da salo a Ruwan Bagaja, alhali da wayar hannu kaɗai za su iya naɗar muryar kakanninsu a Baturiya da Guri da Marma? Ku tura su. A rubuta sunan tsohuwar a shafin farko, da garinsu, da ranar da ta yi maganar, kuma a biya ta. Ku kuma 'yan'uwa mata masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, kishiya da uwar miji sun sha tawada sun ƙoshi. Yawancinku a bayan kaka kuka yi barcin farko bayan yaye, kun fi kowa sanin warin man shanun zanenta.