Ƙuncin Hunturu a Ƙasar Birnin Gwari

A shekarar 1984 ne likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani nau'in ciwon damuwa mai zuwa da sanyi ya tafi da bazara: jiki ya mutu, barci ya yi yawa, mutum ya janye daga jama'a. Sun danganta shi da ƙarancin hasken rana, wanda ke rikita lokutan barci da farkawa. A garin Tromso na ƙasar Norway rana kan yi kusan wata biyu ba ta leƙo ba, don haka can maganar ta zauna daram. To, a nan wajenmu fa? A ƙasar Birnin Gwari tsawon yinin Yuni ya fi na Disamba ne da awa ɗaya da 'yan mintuna kawai, hazo kuwa dusashe rana kawai yake yi. Duk da haka hunturunmu yana da nasa ƙuncin, sai dai a rumbu ya kamata a nemi tushensa.

Da damina noma ke cinye tunanin mutum, ya dawo a gajiye ya kwanta. Bayan kaka ne ake zaman lissafi. Manomin da ya bar gonarsa ta bakin dajin Kamuku saboda 'yan bindiga, ko ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, yanzu ne yake leƙa rumbu ya ga gaskiya. Samari sun tafi cin rani, sanyi ya watse hirar dandali, kowa ya shige ɗaki tun bayan isha'i, daga shi sai tunani. An yi sulhu da 'yan bindigar a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar Kara, an kuma gode Allah, amma cin kasuwa ba ya dawo wa uwa da ɗanta. Abin da ke biyo baya sananne ne: kwana ido biyu, faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙin cin abinci, wasu samarin kuma su faɗa shan ƙwaya.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, ko raunin tawakkali. Ai shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta, ba a kuwa taɓa ɗaukar hakan naƙasu ga imani ba. Wani kuma zai ce talauci ne kawai, a ba mutane abinci magana ta ƙare. Yana da gaskiya, rabi. Wanda damuwa ta kwantar, ko an ba shi taki da injin ban ruwa ba zai iya tashi ya shiga fadama ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar 1958, amma asibitin ƙwararru yana Barnawa, cikin Kaduna, nesa da mai bukata. Abin da za a iya yi kafin hunturu mai zuwa shi ne a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da limamai, da ungozomomi yadda ake gane wanda ya yi mako biyu bai fito shan hantsi ba, da kuma inda za a tura shi.