Wanda ya ajiye sigarin lantarki magani yake buƙata, ba gori ba

A shekarar 2003 wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera sigarin lantarki na zamani da nufin samar wa mashaya taba mafita. Yau na'urar ta zama tarkon da wasu ke neman hanyar kuɓuta daga gare shi, har Birtaniya ta haramta sayar da nau'in da ake zuƙa a yar tun daga 1 ga Yuni, 2025.

Matsalar tana cikin sinadarin nikotin. Yakan isa ƙwaƙwalwa jim kaɗan bayan zuƙa, ya sa ta saki dofamin, sinadarin da ke kawo jin daɗi. Idan aka daɗe ana haka, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan wuraren karɓarsa, ta koma ba ta samun natsuwa sai da shi. Karan sigari yana ƙarewa, kuma warinsa yana tona asiri. Na lantarki kuwa ana zuƙarsa a mota, a ofis, har a kan gado, ba tare da mai shi ya san adadin da ya sha ba.

Cikin kimanin awa 2 rabin nikotin ɗin da ke cikin jini yake gushewa. Shi ya sa ƙawa ke tasowa tun a ranar farko ta bari. Saurin fushi, rashin barci, tarwatsewar tunani da yawan jin yunwa sukan kai maƙura a rana ta 2 zuwa ta 3, sannan su lafa a cikin mako 2 zuwa 4. Duk mashayin da ya taɓa azumin Ramadan ya san somin-taɓin wannan hali da la'asar.

Ana cewa sabo turken wawa, amma wannan turke ba ya tambayar ilimi ko muƙami. Kuskure ne iyali su ɗauki ƙuncin mai bari a matsayin rashin tarbiyya, kamar yadda kuskure ne shi ya ɗauki neman taimako a matsayin gazawa. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cingam ɗin nikotin da filastar mannawa a fata cikin jerin muhimman magunguna. Suna rage zafin ƙawa, a kuma janye su sannu a hankali bisa shawarar likita.

Ƙawa ba ta zama. Takan taso, ta yi 'yan mintoci, ta kwanta. Abin da ya fi daɗewa shi ne ɗabi'ar da ke kiranta: shayin safe, cunkoson hanya, majalisar abokai. Wanda ya san waɗannan lokuta zai tanadar musu abin yi tun kafin su zo. Idan ya zame ya sake zuƙa, ya tsayar da wata ranar bari, domin yawancin waɗanda suka rabu da nikotin sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Abin tsoro guda ne: kada barin na lantarki ya mayar da shi ga taba, wadda cutarwarta ta fi muni.