Lissafi a Bakin Fangali



A farkon shekarar 2023 aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, bayan an daɗe ana jiransa. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa yana bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama. Manomin da ke yanka fangali a can, yana sayen man inji, yana auna taki, lissafi yake yi daga safe har yamma, ko bai taɓa shiga aji ba. Amma ɗansa na sakandare kullum kukansa lissafi ya gagare shi. Uba da ɗa suna hannu cikin abu ɗaya, babu wanda ya nuna musu haka.

A duba buhun taki. Lambobin 15:15:15 da ke jikinsa na nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga sinadarai uku. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 7 da rabi na naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi shar. Buhun yuriya mai nauyin haka, da ke da kashi 46, yana ɗauke da kilo 23. Wanda ya iya wannan ɗan lissafi ba zai biya kuɗin abin da shukarsa ba ta buƙata ba.

Ga kuma zakka. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, wanda aka shayar da inji kuwa rabin ushiri. Buhu 40 na damina a fitar da huɗu, na rani a fitar da biyu. Malaman gado ma, masu raba sumuni da sudusi, sun daɗe suna aiki da ɓangarorin lamba, waɗanda ke ba yara tsoro a allon makaranta. Lissafi ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa: a 1732 Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rubuta littafi kan yadda ake tsara lambobin hatimi, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wasu ƙasashen sun gina wa lissafi gidaje na musamman. A garin Gisan na Jamus an buɗe irin wannan gida a 2002, a Niyok ta Amurka a 2012, inda yara da manya ke taɓawa, su gwada da hannunsu. Auyo ba sai ta jira gini ba. Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman tana Haɗeja. Ɗalibansu za su iya fitowa ranar kasuwa da igiya da mudu da sikeli. Igiya mai tazara 12 daidai wa daida, in aka ja ta uku, huɗu, biyar, tana fitar da kusurwar fangali cas, kuma yaron da ya riƙe ta da hannunsa ya gama fahimtar darasin da ke wahalar da shi a jarrabawa. Matan da ke turara shinkafa su ma a je musu har gida ta hannun ɗalibai mata, a zauna a ƙirga kuɗin itace da na niƙa, a ga ainihin riba a kowace tiya. Wannan ɓangaren ya fi kowanne muhimmanci, domin matan ne aka fi mantawa.

Wannan fita ta ɗalibai na buƙatar izinin hakimi da dagatai, da haɗin kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Lokaci ma a zaɓe shi da kyau, don da damina ambaliya kan yanke hanyoyin ƙauyukan Auyo. Ranar 14 ga Maris, wadda hukumar UNESCO ta ware wa lissafi a duniya, tana faɗowa ne da rani, lokacin da alkama ke gab da girbi, manoma kuma suna gona.