Tsakar gida ma aji ce: a tallafa wa iyaye masu koyar da 'ya'yansu

Duk lokacin da aka tashi maganar gyaran ilimi a Jihar Kano, lissafin ba ya wuce ajujuwa nawa aka gina, kujeru nawa aka saya, malamai nawa aka ɗauka. Tun daga shirin ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar a 2019, har zuwa dokar ta-ɓaci da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a fannin ilimi a watan Yunin 2024, idon hukuma yana kan harabar makaranta. Babu laifi a hakan. Sai dai akwai wasu malamai da ba su taɓa shiga lissafin ba, alhali su ne suka fi kowa daɗewa tare da yaro: uwar da ke zaunar da 'ya'yanta bayan magariba a Getso, uban da ke biya wa ɗansa karatu a zaure a Garo, yayar da ta gama sakandare take koya wa ƙannenta haɗa baƙi a Kutama. Ra'ayina shi ne waɗannan mutane suna yin aikin gwamnati ba tare da alli ko littafi ko na gode ba, kuma tallafa musu na daga cikin hanyoyi mafi araha na ceto karatun yara a ƙananan hukumomi irin Gwarzo da Kabo.

Dalili na farko shi ne makaranta tana rufewa, gida kuwa ba ya rufewa. A watan Maris na 2020 annobar korona ta kulle makarantun ƙasar nan na tsawon watanni, aka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na shekarar, sannan na Jangeɓe a Fabrairun 2021, abin da ya sa gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana guda goma da ke nesa da birni, tare da wasu manyan makarantu, ciki har da Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo. Wanda ya san cewa hanyar da ta bi ta Kabo da Gwarzo ita ce ke faɗawa Dayi a Jihar Katsina ya san dalilin da ya sa gaban iyayen yankin ke faɗuwa idan aka ji labarin 'yan bindiga. Ko da zaman lafiya ma, damina tana da nata hutun da ba a rubuta a kalanda ba: ranar shuka, ranar noman farko, ranar da rafi ya cika ya raba ƙauye da makaranta. A duk waɗannan ranaku, yaron da ke da mai zaunar da shi a gida yana riƙe abin da ya koya, wanda ba shi da shi kuwa sai ya koma aji kamar bai taɓa shiga ba.

Dalili na biyu ya fi ɗaci. Zuwa makaranta daban, iya karatu daban. Hukumar UNICEF ta sha faɗin cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya masu shekara goma ba sa iya karanta jimla mai sauƙi su fahimce ta, kuma da yawansu suna sanye da kayan makaranta. Malamin da ke gaban aji mai cike maƙil ba zai iya sanin wane yaro ne ya tsaya a kan bambanta "b" da "d" ba. Manhaja yake bi, zango yana ƙarewa, ana ciyar da kowa gaba. Uwa kuwa 'ya'ya uku ko huɗu ne a gabanta a kan tabarma, ƙarƙashin fitilar sola. Tana ganin inda yatsan yaro ya tsaya a shafi, tana jin inda muryarsa ta sarƙe. Idan lissafi ne, ga murafun kwalba ko 'ya'yan dabino a zube: a ware goma, a cire uku, a ƙirga saura da hannu. Wannan bin yaro daidai inda ya tsaya shi ne ginshiƙin shirin KaLMA da aka gwada a Dawakin Tofa da Wudil tare da hukumar SUBEB ta Kano, kuma da korona ta zo, shirin ya juya zuwa gidaje ta hanyar rediyo da takardun aiki da saƙonnin waya. A Botswana ma an gwada kiran iyaye a waya na ɗan lokaci kowane mako a kan darasin lissafi, bincike ya nuna yaran sun ƙaru. Ba na'ura mai tsada aka yi amfani da ita ba, ƙaramar waya ce irin wadda ke aljihun kowane manomi.

Za a ce ai yawancin iyayen karkara ba su yi boko ba, me za su koyar? Wannan tambaya ta raina abin da ke ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda takardun ƙididdiga ke kira marasa ilimi sun sauke Alƙur'ani, suna rubutu da ajami, sun kuma san yadda ake ɗora yaro a kan darasi a hana shi wucewa sai ya kiyaye. Macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida tana riƙe da lissafin bashin unguwa guda a kanta. Kuma koyarwar gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajoji, wato mata jagorori, su shiga ƙauyuka su koyar da mata a gidajensu da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Ba ta jira an gina aji ba, kuma ba ta ce sai mace ta zama malama kafin ta amfanar da 'ya'yanta ba. A Kano kanta, Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta samu lambar yabo ta UNESCO a 1983 saboda koyar da manya karatu. Idan aka haɗa ajin uwa da karatun ɗa, kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a share shi ba: kada "muna koya masa a gida" ya zama mafakar masu hana yara makaranta don talla ko kiwo, ko masu cire yarinya daga aji da wuri. Gaskiya ne, akwai masu neman irin wannan hujja. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya samu karatun shekara tara na farko, kuma ba na kiran a sassauta ta. A Amurka, inda doka ta halatta karatun gida a dukkan jihohi 50, jihohi da dama suna neman iyaye su sanar da hukuma, wasu har su gabatar da shaidar ci gaban yaro. Jamus kuwa ta hana shi kusan gaba ɗaya. Abin da ya dace da mu yana tsakani: makaranta ta kasance asali, gida ya zama abokin aikinta da aka sani a hukumance. Kuma sa ido shi ne ke tona asirin mai fakewa. Idan sunan yaro yana rajistar makarantar unguwa, ana gwada karatunsa kowane zango, nan da nan za a bambanta gidan da ake karatu da gidan da ake ɗora faranti a ka. Yau da babu wanda ke leƙawa, duka biyun duhu ɗaya suke ciki.

Wasu kuma za su ce wannan sauke wa gwamnati nauyi ne a ɗora wa talaka. Da a ce kiran shi ne iyaye su ji da kansu, da sun yi gaskiya. Amma tallafin da nake nufi aiki ne da ke buƙatar kasafi. Sakatarorin ilimi na Gwarzo da Kabo za su iya farawa da abu huɗu. Na farko, ƙananan littattafan karatu da Hausa waɗanda yaro zai tafi da su gida, irin jerin Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, maimakon a kulle su a kabad ɗin hedimasta don tsoron yagewa. Na biyu, darasin rediyo na dindindin a lokacin da iyali ke tare, ba sai annoba ta zo ba. Na uku, a nemo matan aure masu takardar NCE ko shaidar sakandare da ke zaune a gidajen mazajensu ba aiki, a ba su horo da ɗan alawus, kowacce ta riƙa zagaya gidaje kaɗan na unguwarsu tana nuna wa iyaye mata yadda ake darasin rabin awa. Mace ce ke shiga inda namiji zai tsaya a zaure. Na huɗu, yaron da rashin lafiya ko nakasa ko rashin tsaro ya tsare a gida a ba shi damar zana jarrabawar kammala firamare tare da sa'o'insa, kada shekarunsa su tafi a banza.

Sauran aikin na al'umma ne. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata suna nan a takarda, a farfaɗo da su. Limamai da masu unguwanni su riƙa yabon gidan da ake karatu kamar yadda ake yabon wanda ya cika rumbu, su kuma tunatar da magidanta cewa sayen batir ko fensir, da ɗauke wa uwa wani aikin na rabin awa, yana cikin haƙƙin 'ya'ya. Gwamnatin da ta kira halin da ilimi ke ciki ta-ɓaci ba ta da uzurin barin malamai mafi yawa a jihar suna aiki hannu rabbana. A sa layinsu a kasafin baɗi, a fara da mazaɓa ɗaya a Gwarzo da ɗaya a Kabo, a gwada karatun yaran a farkon shekara da ƙarshenta, sannan a buga sakamakon kowa ya gani.