PPSSPP Gold na bogi: mu daina sayen abin da aka ba mu kyauta

Daga Katako har Babbar Kasuwa, akwai masu zuba wa yara wasanni a salula da ke karɓar kuɗi suna cewa sun sa musu "PPSSPP Gold", wai ya fi na kowa gudu. Wallahi wannan cuta ce, kuma ya kamata mu faɗa.

PPSSPP manhaja ce da ke sa wayar Android ta buga wasannin PSP, na'urar hannu da Sony ta fitar a 2004. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya fara ta a 2012, kuma kyauta ya bayar da ita. Gold ɗin da ake sayarwa a Play Store aikinsa ɗaya da na kyauta. Mai saye yana tallafa wa mai aikin ne kawai. To wanda ya tura wa ɗanka kwafin Gold da aka fasa ta Xender ko WhatsApp, mi ya ƙara masa? Bai ƙara gudu ba, ko dala ba ta kai ga mai aikin ba, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Sau da yawa wayar nan ta uwar yaron ce, wadda take karɓar aiken kuɗi da ita.

Haka zancen "eFootball" na bana a PSP. PES 2014 shi ne na ƙarshe da Konami ta yi wa PSP. Duk abin da ya biyo baya tsohon wasa ne aka canza wa riguna da sunayen 'yan ƙwallo. Ba laifi a buga, amma a san abin da aka saya.

Za a ce mana forfe na da tsada, gara a biya mai shago. Mun yarda, ya karɓi ladan aikinsa, amma ya sauko da na ainihi daga Play Store ko shafin ppsspp.org a gaban idonmu. In wasa na sarƙewa, a rage ingancin hoto a cikin saiti, don ƙarfin waya ne ya gaza.

Iyaye, mu riƙa duba wayoyin nan. Wasan ƙwallo da ke neman izinin karanta saƙonninmu, a goge shi nan take.